Duwatsun Totuwa da Tsohon Ƙyaure

Duk faɗin ƙasar Birnin Gwari, daga bakin kwalta har cikin dajin da ko biri sai ya yi tambaya kafin ya shiga, babu wanda ya kai ni iya mutuwa. Sau goma sha biyu na mutu, a gaban jama'a, da rana tsaka, kuma babu mutuwar da mata ba su share hawaye da bakin zane ba. Akwai shekarar da na mutu da kyau har wata baƙuwa daga Tabanni ta je ta yi wa matata gaisuwa.

A majami'armu ake yin abin, a wani ƙauye da ke bakin daji. Al'adarmu ce kashegarin Kirsimeti, bayan kowa ya ci shinkafa ya ƙoshi, mu taru a fili mu yi wasan kwaikwayo a kan shahidin farko na ikilisiya, bawan Allahn nan da aka jefe da duwatsu saboda bangaskiyarsa, yana durƙushe yana roƙa wa masu jifansa gafara. Ni ne shahidin. A ganina an zaɓe ni ne saboda murya da kwarjini. Matata kuwa ta ce saboda ko da ido rufe mutum ya yi jifa ba zai kuskure ni ba.

Duwatsun ba na gaske ba ne. Totuwar masara ce, kuma mutum ɗaya ne yake yin su: wani dattijon ikilisiyarmu, tsoho siriri kamar sandan kiwo, wanda yaro da babba kowa Baba yake kiransa. Tun daga kaka yake tara totuwa a buhu. Ya naɗe kowace da takardar buhun siminti, ya tsoma a ruwan toka, ya shanya, sai ka rantse daga kan dutse aka fasa ta. Kafin ya zuba a kwando sai ya gwada kowace ɗaya a goshinsa, wai kada a ji wa ɗan mutane ciwo.

In na faɗi na mutu, sai mutum huɗu su zo su ɗora ni a kan tsohon ƙyauren ɗakin ajiya na majami'a, su ɗauke ni a kafaɗa yadda muke ɗaukar kaya a wajenmu, su zaga fili da ni, matan zumunta na buga tulu suna waƙa. Baba ne kullum a wajen kai. Muna tafiya yana raɗa mini a kunne: “Ɗana, shahidin nan fa bai san azumi ba.” Ni kuma gawa ce, ba damar in rama. Cikin wasan duka wannan ne wurin da ya fi ba ni wuya.

A mutuwata ta tara ne asirina ya fara tonuwa. Ƙanin matata, wanda tun ranar da na auri yayarsa muke wasa da shi, yana cikin masu jifa. Sai ya ɓoye ɗanyen dankali a aljihu, irin manyan nan. Na durƙusa, na ɗaga ido sama, na buɗe baki zan roƙa musu gafara, sai ji na yi ƙum a ƙeya. Shahidi ya miƙe. Na bi ƙanin matata da gudu sau uku muna zaga majami'a, farar rigata a hannu, ina gaya masa abin da zan yi masa shi da dankalinsa. Fasto ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga baya aka lallashe ni na dawo na ƙarasa mutuwar.

Ran nan da yamma Baba yana kwashe totuwarsa ya ce mini, “Faɗuwar kam ka iya ta. Amma kana riƙe da kanka kam-kam. Wancan bawan Allah, kafin dutsen farko ya same shi, ya riga ya ba da kansa ga Mai shi. Abin da suka jefa, saura ne.”

Na ce, “Baba, shi ai ba a jefe shi da dankali ba.”

Ya yi murmushi ya ɗaure bakin buhunsa.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba kowa labarin yadda ya lalace ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya sani. Mutanen daji suka fara fitowa a kan babura da bindigogi, yau a tare hanya, gobe a ɗauki mutum a gona. Ranar da na fara jin ƙarar harbi ina cikin gyaɗata, ban san lokacin da na tsallake kwazazzabon da akuya ke zagayawa ba. Na iso gida da takalmi ɗaya, na shige rumbu, na ja murfi. Da matata ta leƙo ta ce babur ɗin mai sayar da kifi ne ya yi atishawa a kan hanya, na ce mata dama dawa na shigo dubawa.

Wannan ya zama abin dariya a gari, ni ma na taya su. Amma abin da ya biyo baya ba abin dariya ba ne. Tsoro ya shiga cikina ya shimfiɗa tabarma. Na daina zuwa gona mai nisa, daga baya na daina zuwa ta kusa. Tuwo ya daina wucewa. Ni da ake ɗinka wa wando da yadin mutum biyu, sai ga ni ina ɗaure shi da igiyar guga. In ina sujada kunnena ɗaya yana wurin wa'azi, ɗayan yana bakin hanya. Ina ta ba da dariya a dandali kamar kullum, amma in kaza ta buga fiffike sai in zabura. Na fara yi wa matata zancen mu koma Kaduna in riƙa gadi. Ta ce wanda zai ɗauke ni gadi sai ya nemo mai gadina.

Baba kuwa bai fasa zuwa gonarsa ba, can wajen hanyar Gwaska, inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Wata safiya na tare shi a ƙofar gidansa, lauje a kafaɗa. Kafin ya fita sai na ga ya ajiye laujen, ya tsaya, ya buɗe tafin hannuwansa biyu kamar mai karɓar goro, ya yi 'yar magana a yarenmu, sa'an nan ya ɗauki laujensa.

Na ce, “Baba, wannan kuma wace layar ce? A ba mu mu ma.”

Ya ce, “Ba laya ba ce. Ba ta hana harsashi.”

“To amfaninta?”

“Kowace safiya nakan miƙa wa Ubangiji jikin nan da ran da ke ciki, in ce nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Daga nan in na fita, kayan wani nake yawo da su. Kai kuma ka kwana kana gadin naka ka yini kana gadi, shi ya sa ka rame.”

Na ce masa ramar gaye ce. Na koma gida ina cewa a raina tsufa ne. Wanda ya ci shekarunsa ya ƙoshi me zai ji tsoro.

Ana tsakiyar yankan dawa mutanen daji suka sami Baba a gonarsa. Mata biyu na garinmu suna taya shi aiki ranar. Da suka ji babura, ya tura su ƙarƙashin tarin kara ya rufe. Su ne suka dawo da ƙafa, fuska duk yagar kara, suka ba da labari. An tambaye shi ina sauran, don ga lauje uku a ƙasa. Ya ce ba zai faɗa ba. Aka doke shi, ya ce ba zai faɗa ba. Sai suka ji ya durƙusa yana addu'a da Hausa, ba da yarenmu ba, da ƙarfi yadda mutanen za su ji, yana roƙon Ubangiji ya yafe musu, yana cewa yaran mutane ne da suka ɓata hanya. Bayan haka suka ji harbi.

Gawar tana can a gona. An kai magana inda ake kaiwa, aka ce a jira. Kwana ɗaya ya wuce. Matarsa, wadda mu duka Mama muke ce mata, ta zo ta zauna a dakalin majami'a ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai an sa mijinta a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce kawai ba za ta ci abinci ba ungulu na cin nasu.

Maza muka taru a gindin ɗorawa washegari da safe. Ban taɓa sanin ƙasar wurin nan tana da abin kallo haka ba. Kowa ita yake kallo. Wani ya ce ƙila suna nan kusa suna jiran masu zuwa ɗauka. Wani ya ce rai ya riga ya tafi wurin Mai shi, jiki ƙasa ne. Ni da ba a taro ban yi magana ba, na ce cikina ya murɗa, na sulale.

Ɗakin ajiya na majami'a na shiga, don nan ne babu mai nemana. Ina rufe ƙofa na yi tuntuɓe da buhu. Totuwa ce. Ya riga ya naɗe rabi, ya tsoma a toka, na bana. Ga ƙyauren nan jingine da bango, da alamar hannunsa a wajen kai inda katakon ya yi santsi. Na ɗauki dutse ɗaya na riƙe. Tsohon nan ya gwada shi a goshinsa don kada ya ji mini ciwo.

A wasan nan shekara goma sha biyu, ban taɓa tunanin masu ɗauka ba. Ni dai in faɗi a tafa mini. Amma a labarin na ainihi ma, bayan masu jifa sun watse, akwai waɗanda suka fito, duwatsu na nan a ƙasa, masu jifan na nan a gari, suka ɗauki ɗan'uwansu suka binne. Su ba a yi musu waƙa ba.

Na durƙusa a kan ƙasar ɗakin. Addu'ar da na haddace ta wasa ba ta zo ba, kuma gara da ba ta zo ba. Na buɗe hannuwana yadda na ga ya yi. Na ce, “Ubangiji, ka san ni, matsoraci ne, kai ka ga ranar rumbu. Na gaji da gadin jikin nan. Ga shi. In yau ne, yau ne. In ba yau ba, to ka ba shi aron ƙafa ya je ya dawo.”

Ba zan ce na ga haske ko na ji murya ba, ko da yake labarin zai fi daɗi da hakan. Amma wani abu da ya yi wata da watanni a ɗaure a ƙirjina ya kwance, kamar yadda kafaɗa take ji in an sauke mata dami. Na ja numfashi ya kai har ƙasa. Abu na farko da na ji bayan haka, Allah ya sani, yunwa ce.

Na fito da ƙyauren a kafaɗa na nufi gindin ɗorawa. Na ce ina neman mutum uku. Ƙanin matata ya dube ni ya ce, “Yaya, ba Kirsimeti ba ne fa. Can ba totuwa suke jifa da ita ba.”

Na ce, “Na sani. Kai da ka iya jifa da dankali zo ka riƙe wajen ƙafa.”

Ya tashi. Fasto ya tashi. Na huɗu bai samu ba, sai wani maƙwabcinmu Bafulatani da ya zo gaisuwa, wanda rugarsa take bayan rafi tun ina saurayi, shi ma mutanen daji sun kore masa shanu, ya jingina sandansa ya ce zai kai mu ta burtali, ba ta hanyar mota ba. Fasto ya ce masa ya nuna hanya kawai ya isa. Ya ce, “Shekara nawa shanuna na cin karan gonarsa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Zan riƙe gefe ɗaya.”

Matata ta kawo sabon zanenta na zumunta don a rufe shi. Ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya cika, ta ce, “Ka sa takalmin da ba ya fita.”

Mun same shi a gefen tarin karan, a kife, hannuwansa a buɗe. Ba zan faɗi abin da kwana biyu a rana suka yi ba. Muka naɗe shi, Fasto ya yi addu'a gajeriya, muka ɗora shi a ƙyauren. Na kama wajen kai.

A mashigin rafi muka ci karo da mutanen daji. In ina ba da labarin a dandali nakan ce su arba'in ne. Ƙanin matata ya ce shida ne, kuma tun da yana da rai, shida ne. Suna zaune a inuwa, babura a jingine, bindigogi a cinya. Babu wanda ya kai ɗana na fari shekaru a cikinsu. Ɗaya mai jan rawani ya taso ya sa mini bakin bindiga a ciki, daidai inda igiyar wando take.

“Wa ya ce ku ɗauka?”

Na jira tsoron nan da na sani ya zo ya kama mini harshe. Na ji shi a ƙafafu, na ji shi a baya, amma bai hau sama ba. Abin da yaron yake nunawa da bindiga ba nawa ba ne, na bayar tun safe, kuma Mai shi yana kallo.

Na ce, “Babanmu ne. Matarsa ta ƙi cin abinci sai an binne shi. In harbi za ka yi, ka yi haƙuri in kai shi in dawo. Amma ina ba ka shawara, ko da na rame, gawata sai mutum takwas, kuma kun ga da ƙyar muka samu huɗu.”

Ɗaya daga cikin na zaune ya yi dariya, ya haɗiye ta. Mai rawanin bai yi ba. Sai na ji bakina ya ci gaba ba da shawarata ba.

Na ce, “Kuma ya bar saƙo. In ku ne, kun ji da kunnenku. In ba ku ba ne, ku gaya wa waɗanda suka yi. Ya ce ya yafe, ya kuma roƙa muku wurin Allah. Mu ma da ya bari ba mu da izinin riƙe abin da shi ya saki.”

Rafi na gudu, ƙudaje na bin zanen, kafaɗata na ci da wuta. Yaron ya dubi ƙyauren, ya dubi Bafulatanin, suka yi wata gajeriyar magana da Fulatanci wadda ban ji ba. Sai ya janye bindigar ya tofar da yawu gefe.

“Ku wuce. Yana wari.”

Muka wuce. Sai da muka haura tudu ƙanin matata ya ce, “Yaya, ka san gwiwoyinka suna tafi?” Na ce ya bar su, yabon Ubangiji suke yi.

Tun daga nesa aka hango mu. Ban san wa ya fara ba, sai jin tulu muka yi. Matan zumunta suka fito har bayan gari cikin zanensu suna waƙar tashi daga matattu, irin wadda ake yi da rawa, maza a bayansu, waɗanda ɗazu suke kallon ƙasa yanzu suna rige-rigen sa kafaɗa. Ban ba kowa wajen kai ba. Maƙwabtanmu Musulmi suka jeru a bakin hanya, limaminsu a gaba, hula a hannun wasu. Muka zaga filin majami'a da shi sau ɗaya, ta inda yake zagawa da ni, ana waƙa ana kuka ana rawa duk a haɗe. Ban taɓa ganin jana'iza mai kama da bikin cin nasara irin wannan ba. Da aka rufe kabari, Mama ta ce a kawo mata kunu.

Daji bai gyaru ba don mun ɗauko Baba. Har yau ana tare hanya. Amma na koma gona, na kusa da na nesa, kuma kowace safiya nakan ajiye fartanya a ƙofar gida in buɗe hannu. Wata rana tsoron yakan riga ni tashi, sai in haɗa da shi in miƙa. Tuwo ya dawo, wando ya cika, igiyar ta koma guga. Maganar Kaduna ta mutu. Kirsimetin shekarar ni na ƙarasa naɗe totuwar da ya bari, na gwada kowace a goshina, na kuma ce a ba wani shahidin. Ni wajen kai nake so.

Abin da ban daina ba shi ne ba da labari. Wata ranar Lahadi bayan sujada muka je gaishe da Mama, tsakar gida cike da baƙi, na ga dama ta samu. Na miƙe na nuna yadda na tsaya a bakin rafi, yadda na dubi mutum arba'in ido cikin ido, yadda na ɗauko Baba daga bakin daji har gida ban canza kafaɗa ba, ban sauke ba ko sau ɗaya. Baƙi na ta jinjina kai. Mama tana ɓarar gyaɗa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, “Sannu, ɗana, Allah ya yi albarka. Amma shi shekara goma sha biyu yana ɗaukarka bayan ka ci shinkafar Kirsimeti, ban taɓa jin ya ba kowa labari ba. Kai sau ɗaya ka ɗauke shi, kuma duk jikinsa bai kai cinyarka ba.”